Kundin Animal Collective tara gare ni, huɗu kawai nake saurare: me zan yi da sauran?

Sauraron_Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar kiɗa. Ina roƙon a yi mini haƙuri idan bayanina ya yi tsawo, domin tambayar ba za ta fito sarai ba sai na faɗi yadda aka yi na iso gare ta.

Shekaru da dama da suka wuce wani abokina ya ara mini faifan CD na Merriweather Post Pavilion, kundin da ƙungiyar Animal Collective ta Amurka ta fitar a shekarar 2009, kuma abin da ya fara jan hankalina ma ba kiɗan ba ne, bangon faifan ne, wanda aka cika da wasu 'yan koren ganyayyaki da in ka ƙura musu ido sai ka ga kamar suna motsi alhali a tsaye suke. Da na sa faifan, waƙar farko ta ɗauki kusan minti biyu da rabi tana jan jiki cikin wani irin sauti mai kama da na ƙarƙashin ruwa, har na miƙa hannu zan tsallake ta, sai kawai ganguna suka ɓarke gaba ɗaya, muryoyi suka hau kan juna, na janye hannuna. Ban mayar wa mai faifan kayansa ba sai da na sayi nawa.

Daga nan na shiga bin bayansu. Na sami Strawberry Jam na 2007, sannan Feels na 2005, sannan Sung Tongs na 2004, kuma kowanne daga cikinsu ya zauna mini daram, duk da cewa babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Sung Tongs muryoyi biyu ne da jita marar lantarki da bugun da bai taka kara ya karya ba, amma akwai waƙa a tsakiyarsa da ta haura minti goma sha biyu, wadda nake iya saurare daga farko har ƙarshe ban san lokaci ya tafi ba. Feels kuwa shi ne abokin hirata na dare, musamman rabinsa na biyu inda komai yake lafawa.

Matsalar ta fara ne lokacin da na ce sai na mallaki duk abin da suka yi. Na sayi kundinsu biyu na farko, wato Spirit They're Gone, Spirit They've Vanished na 2000 da Danse Manatee na 2001, waɗanda suka zo mini a kwali ɗaya, na ƙara da Campfire Songs da Here Comes the Indian, dukansu na 2003, daga baya na haɗa da Centipede Hz na 2012. Gaskiyar magana, waɗannan biyar ɗin suna nan a jere kamar baƙin da ba a san yarensu ba. Danse Manatee ban taɓa kai shi ƙarshe ba, domin akwai wata siririyar ƙara mai tsini a cikinsa da ke sa ni cire abin sauraro daga kunne. Campfire Songs kuma sai in ji kamar har yanzu ba a fara ba, ana ta gyara zama ne. Duk lokacin da na zo ɗaukar Feels sai idona ya faɗa kansu, in ji wata 'yar kunya, kamar ta mutumin da ya jera littattafan da bai karanta ba a inda baƙi za su gani.

Saboda haka tambayoyina uku ne. Shin akwai wata ƙofa da ake bi a shiga waɗannan kundaye, wadda ni ban gano ba? Idan babu, shin ya dace mutum ya ci gaba da ajiye faifan da ba ya saurare don kawai jerin ya cika? Ta ƙarshe kuma, tunda Merriweather shi ne wanda na fi ƙauna, ina tunanin sake sayensa a faifan garmaho, domin ana ta cewa sautinsa ya fi na CD daɗi. Shin hakan gaskiya ne, ko kuwa son zuciya ne ke neman hujja?

Mai_Garmaho ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta farko zan fi tsayawa a kanta, domin ina ganin idan ta warware, ta biyun za ta rage nauyi da kanta.

Kuskuren da nake zaton ka yi, wanda ni ma na yi shi, shi ne ɗaukar waɗannan kundaye tara a matsayin aikin ƙungiya guda mai tsayayyun mutane. Ba haka abin yake ba. Abokai huɗu ne da suka san juna tun suna 'yan makaranta a yankin Baltimore da ke jihar Maryland: David Portner da ake kira Avey Tare, da Noah Lennox da ake kira Panda Bear, da Josh Dibb da ake kira Deakin, da Brian Weitz da ake kira Geologist. Tsarinsu tun farko shi ne duk waɗanda suka samu haɗuwa a cikinsu su yi aiki, ko su biyu ne ko uku ko huɗu. Kundin 2000 ma da sunan Avey Tare da Panda Bear ya fito, na 2001 kuma aka ƙara sunan Geologist, kuma sunan Animal Collective bai hau bangon wani kundi ba sai a Here Comes the Indian, wanda shi ne na farko da dukansu huɗu suka yi tare. Sung Tongs da kake so mutum biyu ne kacal, Merriweather kuwa mutum uku ne, babu Deakin, wanda shi ne mai jita, kuma rashinsa ne ya tura sauran ga na'urorin da ke tsinto guntun sauti suna maimaita shi. Ka ga ke nan tun kafin ka sa faifai ya kamata ka tambayi kanka su wane ne a ɗakin, kuma wane irin ɗaki ne. In kiɗa ya canza, ai sauraro ma sai ya canza.

Ɗauki Campfire Songs. Ka ce kana jin kamar ba a fara ba, to ai ba za a taɓa farawa ba ta irin fuskar da kake jira. An ɗauki kundin ne a watan Nuwamba na 2001, a barandar wani gida a Maryland, cikin sanyi, waƙoƙi biyar a zama ɗaya ba tare da yankewa ba, da 'yan ƙananan na'urorin ɗaukar sauti na MiniDisc da aka girke kewaye da masu kiɗan. Babu ganga, babu amshin da zai ɗauke ka ya dire. Abin da suke nema shi ne ka ji kamar kana zaune a gefensu, kana jin jita uku suna kaɗawa kamar numfashi, sautin waje yana shigowa ta bayansu. Idan ka saurare shi a kan hanya, ko kana aiki, ba za ka ji komai ba sai shuu. Ka sa shi da dare a lasifika, kada ka ɗaga murya sosai, ka kashe fitila, kuma kada ka duba sunayen waƙoƙin, domin sanin inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba zai amfane ka da komai ba.

Kundin 2000 kuwa, ina mai tabbatar maka cewa shi ne mafi kusa da zuciyar mai son Feels a cikin biyar ɗin, sai dai an girke mai gadi marar fara'a a ƙofarsa. Waƙar farko cike take da irin ƙarar nan mai tsini, kuma mutane da yawa a nan suke juyawa. Ka tsallake ta na tsawon wata guda, ba laifi ba ne. Daga ta biyu za ka tarar da waƙoƙi masu kari sosai, da fiyano, da wani bugun ganga mai sauri wanda Panda Bear ya yi da burushi maimakon sanda, shi ya sa yake fita kamar yayyafi a kan kwano. Waƙar ƙarshe ta haura minti goma sha biyu, kuma a ganina tana cikin mafi kyawun abin da Avey Tare ya taɓa rubutawa, alhali a lokacin bai wuce shekara ashirin da ɗaya ba.

Danse Manatee ba zan yaudare ka ba, yana da wuya, kuma da gangan aka yi shi haka, domin a wannan lokacin suna wasa ne da iyakar abin da kunne ke iya ɗauka, can sama da can ƙasa. Shawarata ɗaya ce: kada ka kuskura ka sa shi a abin sauraro na kunne. Ƙara mai tsini tana bukatar iskar ɗaki ta tausasa ta kafin ta iso gare ka.

Akwai wani abu game da Feels da nake so ka sani, domin shi ne ya buɗe mini kan sauran. Jitocin kundin ba a ɗaure su bisa ma'aunin da aka saba ba. An ɗauki sautin wani tsohon fiyano na wata ƙawarsu ko abokinsu wanda ya daɗe ba a gyara shi ba, aka yi madauki da shi, wato guntun sauti mai ta maimaita kansa, sannan aka daidaita jitocin da wannan karkataccen sauti, har ta kai da za a ɗauki kundin a Seattle sai da aka kira mai gyaran fiyano ya karkatar da na ɗakin ɗaukar sauti ya dace da su. Wannan ɗan rawar da kake ji a cikin Feels, wanda ke sa shi zama kamar ana kallon abu ta cikin ruwa, daga nan ya fito. Ma'ana, abin da kake ƙauna a kundin da ka fi sabawa da shi gwaji ne irin wanda kake gudu a Danse Manatee, sai dai a nan an lulluɓe shi da kari mai daɗi. Don haka ni ra'ayina ka ajiye su duka. Akwai faifan da ya yi shekara bakwai a wurina ban kula shi ba, ranar da ya buɗe kuma na gode wa Allah da ban bayar da shi ba.

Kunnen_Ƙashi ta rubuta:

Malam Mai_Garmaho ya yi bayani mai gamsarwa a kan tarihi, kuma ba ni da abin da zan gyara a ciki, amma ban yarda da inda ya dire ba, kuma ina so ɗan'uwanmu ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya yanke hukunci.

Maganar cewa wata rana faifai zai buɗe ita ce hujjar da duk mai tara kaya yake kafawa, kuma matsalarta ita ce ba ta da ranar ƙarewa. Na taɓa kasancewa cikin masu cewa sai jeri ya cika. Idan na so mawaƙi, sai na bi duk abin da ya fitar, har da ƙananan kundaye da na wasan gaban jama'a da waɗanda membobi suka yi su kaɗai, kuma da irin wannan ƙungiya wannan rami ne marar ƙasa, domin kowane ɗayansu yana da nasa aikin a gefe. Wata rana na zauna na ƙirga, sai na tarar fiye da rabin abin da ke kan kantata ban taɓa shi ba cikin shekara uku. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne, yawansu yana hana ni ganin waɗanda nake so, in tsaya ina ta duba har sha'awar sauraron ta wuce. Wannan kunyar da ɗan'uwanmu ya ce yana ji idan ya zo ɗaukar Feels na san ta sarai, kuma ba ta da wani amfani. Kiɗa ba jarrabawa ba ne da za a ce sai ka ci kowane darasi.

Abin da nake yi yanzu shi ne in ba kowane faifai dama ta gaskiya sau uku, a lokuta daban-daban, bisa irin sharuɗɗan da Malam ya zayyana. Idan bayan haka babu ko minti ɗaya da ya kira ni in dawo, sai in miƙa shi ga wanda zai ji daɗinsa. Centipede Hz haka ya bar hannuna. Na fahimci abin da suka nufa, wato komawa su huɗu su buga kayan kiɗa da ƙarfi bayan natsuwar Merriweather, tare da cusa ƙarar tashoshin rediyo tsakanin waƙoƙi, amma a kunnena cunkoso ne, kowane sauti yana taka ƙafar ɗan'uwansa, babu inda za a numfasa. Wadda na ba wa shi kuma ta ce shi ne gwaninta a duk aikinsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai dai akwai guda ɗaya a cikin biyar ɗinka da zan ce kada ka rabu da shi ko da ba za ka sake sa shi ba, wato Here Comes the Indian. A shekarar 2020 ƙungiyar ta sanar da cewa ta canza wa kundin suna zuwa Ark, saboda sun ga tsohon sunan yana ɗauke da raini ga 'yan asalin Amurka, kuma a lokaci guda suka canza bangon wani ƙaramin kundinsu mai suna People. Ina ganin sun yi daidai. Amma ka lura da abin da ya faru: a manhajojin sauraro ta intanet an wayi gari sunan ya sauya, kuma wanda ya zo daga baya ba zai san an taɓa yin wani suna ba sai an gaya masa. Faifan da ke hannunka shi ne shaidar cewa mutanen nan sun yi wani abu a 2003, sannan bayan shekara goma sha bakwai suka waiwaya suka ga kuskurensa. Irin wannan ne kaɗai dalilin da nake karɓa na ajiye abin da ba a saurare, wato ya kasance yana riƙe da wani abu da ba za a samu a wani wuri ba.

Game da sake sayen Merriweather kuwa, zan bar maganar sauti ga masana, amma ina da tambaya: wa kake so kuɗin ya isa? Idan ka sayi tsohon kwafi a hannun wani ta Discogs, shafin intanet na cinikin faifai, ko sisi ba zai kai ga mawaƙan ba. Mu tuna cewa a watan Oktoba na 2022 wannan ƙungiya, duk da sunan da ta yi, ta soke rangadinta na Birtaniya da Turai, ta kuma faɗa ƙarara cewa lissafin bai fita ba saboda hauhawar farashi da tsadar jigilar kaya da faɗuwar darajar kuɗi. Merriweather, kundin da mujallar Pitchfork ta zaɓa a matsayin na ɗaya a 2009, wanda ya kai mataki na 13 a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, bai hana masu shi fargabar tafka asara ba. Idan da ni ce, da kuɗin kwafi na biyu sai in sayi Time Skiffs na 2022 ko Isn't It Now? na 2023, sabo daga shafinsu na Bandcamp, inda mawaƙa ke sayar da aikinsu, tunda na ga jerinka ya tsaya ne a 2012. Kana ta tono baya, alhali mutanen suna nan da ransu suna aiki.

Injiniyan_Sauti ya rubuta:

Tunda Hajiya ta bar mana maganar sauti, bari in ɗauke ta, kuma zan yi ƙoƙarin raba abin da ake iya aunawa da abin da ake ji a rai, domin dukansu gaskiya ne amma ba iri ɗaya ba ne.

Ta fuskar awo, faifan garmaho bai fi CD ba. CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ya isa ya riƙe duk abin da kunnen ɗan'adam ke iya ji, har zuwa kusan girgiza 20,000 a daƙiƙa, kuma ba ya ƙara wata hayaniya tasa da kunne zai ji. Garmaho kuwa allura ce ke bin wani siririn kwari da aka sassaƙa a roba, faifan yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kuma wannan yana zuwa da iyakoki guda biyu da suka shafi kundin da kake magana a kai. Na farko, sauti mai kauri na can ƙasa yana bukatar kwari mai faɗi, don haka ko dai a rage shi ko a rage tsawon waƙoƙin da ke kowane gefe. Na biyu, yayin da allura ke matsawa tsakiya, da'irar tana ƙanƙancewa, tazarar da take ci a daƙiƙa tana raguwa, sai sauti mai tsini ya fara dusashewa ko ya yi ƙaiƙayi. Merriweather kundi ne da aka gina shi a kan kauri, an ɗauke shi a garin Oxford na jihar Mississippi tare da mai haɗa sauti Ben Allen, wanda aka nemo musamman saboda ƙwarewarsa a wannan fanni, kuma tsawonsa ya kusa minti 55, alhali gefe ɗaya na garmaho ba ya son ya wuce minti 22 ko makamancin haka. Shi ya sa ya fito a faifai biyu, gefe huɗu.

To daga ina maganar daɗi ta fito? Daga wurare biyu. Wani lokaci ana yi wa garmaho gyaran ƙarshe dabam da na CD, ba a matse sautin sosai don ya yi ƙara ba, sai ya fi sakewa a kunne. Na biyu kuma, wanda nake ganin shi ne babba, garmaho yana tilasta maka zama. Gefe huɗu yana nufin za ka tashi sau uku ka juya ko ka canza faifai, ba za ka iya tsallake waƙa da yatsa ba, kuma bangon nan mai ganyayyaki, wanda aka ɗauko dabararsa daga aikin masanin gani ɗan Japan Akiyoshi Kitaoka, zai zo maka da faɗin inci goma sha biyu, inda motsin nasa ya fi fitowa. Idan wannan kake nema, ka saya da saninka. Idan kuma ingancin sauti kake nema, ka sa kuɗin a lasifika mai kyau, za ka ji bambanci a kundaye tara a lokaci guda, har da Danse Manatee, domin ƙaramar lasifika marar kyau tana ƙara wa sauti mai tsini kaifi.

Akwai kuma abin da zai rage zafin saɓanin da ke tsakanin Malam da Hajiya. Kafin kowane CD ya ƙara tsufa, ka kwafe shi a kwamfuta a tsarin FLAC, wanda ke rage girman fayil ba tare da ya zubar da komai ba, saɓanin MP3 da ke yar da wani ɓangare na sautin don ya ƙanƙance. Ka ajiye kwafi biyu a ma'ajiya biyu dabam, domin na taɓa rasa aikin watanni a dare ɗaya lokacin da ma'ajiyata guda ta mutu ba tare da gargaɗi ba. Wannan kariya ce ga faifan da ka ci gaba da riƙewa. Wanda ka bayar ko ka sayar kuwa, adalci shi ne kwafinsa ya bi shi. Idan kuma ka shiga harkar garmaho, ka jera su a tsaye, kada ka ɗora su kan juna, ka nisanta su da rana da zafi, domin robar tana lanƙwashewa, kuma faifan da ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai.

Sauraron_Dare ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam Mai_Garmaho, Hajiya Kunnen_Ƙashi da Injiniya. Na jinkirta amsa ne don in gwada abin da kuka faɗa kafin in yi magana, kuma yau kwana goma sha biyu ke nan.

Campfire Songs na sa shi kamar yadda Malam ya ce, a lasifika, fitila a kashe, taga a buɗe. Minti goma na farko ina ta jiran abin da na saba jira, har na gaji na daina. Can wajen tsakiya sai na lura ina sauraron wani shuu mai kama da iska a cikin itatuwa, na kasa tantance ko daga faifan yake ko daga waje, har sai da na tashi na rufe tagar, shuu ɗin ya ci gaba. Na sake buɗe ta na koma na zauna. Tun daga ranar na sa shi sau huɗu. Kundin 2000 kuma na tsallake waƙar farko, kuma bugun burushin nan ya kama ni tun a ta biyu, har ina mamakin yadda na bar shi shekaru a rufe saboda mintuna kaɗan na bakin ƙofa.

Centipede Hz ya samu damarsa sau uku bisa ƙa'idar Hajiya, kuma ya faɗi duka ukun, don haka zai koma hannun abokin nan da ya fara ara mini Merriweather, wanda dama ina ganin yana bina bashin faifai. Here Comes the Indian yana nan, ban san ma an canza masa suna ba sai da na karanta a nan. Garmahon Merriweather na ɗage shi, na yi odar Time Skiffs, sauran kuɗin kuma na fara tara su don lasifika.

Saura Danse Manatee. Na sa shi a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, kuma a karo na farko na kai shi ƙarshe, amma ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗinsa ba. Abin da zan iya cewa shi ne bai kore ni ba. Bisa ƙa'idar Hajiya saura masa dama biyu. Sai dai da na ɗauko shi ina tunanin wanda zan ba idan ya faɗi, na tuna cewa bugun da nake da shi shi ne wanda kamfanin FatCat ya sake fitarwa a 2003, faifai biyu a kwali ɗaya, shi a gefe guda, kundin 2000 a ɗaya gefen. Ba zan iya fitar da shi daga gidan ba sai tare da wanda na fara so a makon jiya. Malam, wace waƙa ce a cikinsa ta fara buɗe maka, in fara daga nan a zama na biyu?